IN KAMPANI YA KARYE, WA KE GADON SUNANSA DA FASAHARSA?

Ranar 14 ga watan Janairu na shekarar 2009, kampanin Nortel na ƙasar Kanada, wanda ya yi suna wajen ƙera kayan wayar tarho, ya kai kansa gaban alƙalai ya shaida musu bashi ya fi ƙarfinsa. Kampanin kuwa ba ƙarami ba ne. An kafa shi tun 1895, kuma a shekarar 2000 ma'aikatansa sun haura dubu 90 a ƙasashe daban-daban. Bayan faɗuwarsa aka sayar da rassansa ɗaya bayan ɗaya, aka samu wajen miliyar 3 na dalar Amurka. Abin da ya rage sai takardu, wato takardun shaidar ƙirƙira wajen dubu 6. Da aka yi gwanjonsu a 2011, sai ga shi sun kawo miliyar 4 da rabi, fiye da abin da dukan sauran kayan suka kawo in an haɗa su.

Wannan labari ya cancanci ma'aikatan gwamnati da ƴan kasuwa su tsaya a kansa. Yana nuna cewa akwai dukiyar da ido ba ya gani, wadda ke rayuwa bayan mai ita ya faɗi. Yana kuma nuna cewa irin wannan dukiya ba ta amfanar kowa sai in an rubuta ta, an kula da ita, an kuma faɗi tun da wuri ko ta wane ne.

DUKIYAR DA BA A ƊAUKA A KA

Masana doka suna kiran wannan dukiya mallakar fasaha, kuma sun kasa ta kashi-kashi.

Kashi na farko shi ne takardar shaidar ƙirƙira, wadda ake ce ma brevet da faransanci. In mutum ya ƙago wata sabuwar na'ura ko wata sabuwar dabarar sarrafa abu, sai ya bayyana ma hukuma yadda take aiki, ita kuma ta ba shi takarda. Da wannan takarda, shekara 20 ba wanda ke da ikon yin abin ko sayar da shi sai da izininsa. In shekarun sun cika, dabarar ta zama ta kowa.

Kashi na biyu shi ne suna da tambarin haja. Makiyayi ya san amfanin shaidar da ake yi ma raƙumi, domin ita ke nuna mai shi ko da ya ɓace a daji. Haka tambari yake a kasuwa. Mace mai sayen atamfa ko sabulu lamba take dubawa kafin ta kwance bakin zane, saboda ta saba da ingancin kayan da ke ɗauke da wannan lamba. Amincin da jama'a suka ba tambari, shi ne kuɗinsa.

Kashi na ukku shi ne haƙƙin mawallafi, na marubuci da mawaƙi da mai shirya silima. Kashi na huɗu kuwa sirrin sana'a ne, kamar haɗin da mai turare ko mai magani ya ɓoye ma abokan takararsa.

Dukansu ana sayar da su, ana ba da hayarsu, ana kuma jinginar da su a banki kamar yadda ake jinginar da gida. Saboda haka in kampani ya karye, suna shiga cikin kayan da za a duba domin biyan masu bin bashi.

YADDA AKE YI DA KAYAN WANDA YA KARYE

Karayar arziki ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da sanin hukuncin muflisi: in bashin mutum ya rinjayi dukiyarsa, alƙali kan hana shi taɓa ta, a sayar, a raba ma masu bin bashi gwargwadon abin da kowa ke bi. Dokokin zamani a kan wannan turba suke. Kotu tana tsai da masu bin bashi kada kowa ya yi wawaso, ta naɗa wani amintacce ya ƙidaya kaya, sannan a duba ko kampanin zai farfaɗo ko kuwa sai an sayar da kome.

Inda wuyar take shi ne ƙidayar. Mota da inji da buhunan kaya ana ganinsu a sito, kowane dillali kuma ya san farashinsu. Takardar shaidar ƙirƙira kuwa ba ta da tsayayyen farashi. Darajarta ta dogara ga wanda ke bukatarta da kuma lokacin da aka fito da ita kasuwa. Ban da haka tana iya mutuwa a cikin aljihun tebur, in an daina biyan kuɗin da ake biya mata kowace shekara.

GWANJON KWANA HUƊU

Abubuwa da dama suka taru suka kayar da Nortel: rushewar kasuwar kayan sadarwa a 2001, da rikicin lissafin kuɗi da ya ɓata masa suna a 2004, da matsin tattalin arzikin duniya na 2008. Masu kula da kayansa sun fara da sayar da rassa. Kampanin Ericsson na ƙasar Suwidin ya sayi wani babban reshe na wayar salula a kan miliyar 1 da miliyon 130, wasu kampanoni kuma suka ɗauki sauran. Amma mafi yawan takardun shaidar ƙirƙira ba a bari suka bi rassan ba. An ware su gefe guda, aka jira.

Jiran ya yi rana. A wannan zamani manyan kampanonin wayar salula suna ta maka juna a kotu, kowa na zargin ɗan'uwansa da satar dabara. A irin wannan faɗa, tarin takardu shi ne garkuwa, shi ne kuma mashi: wanda ke da su da yawa, in an kai shi ƙara sai shi ma ya kai, a ƙarshe a zauna a sasanta. Takardun Nortel kuwa sun shafi sadarwa maras waya da intanet da sabon tsarin salula da ake kira 4G, wato daidai wurin da ake gwabzawa.

A watan Afrilu na 2011 kampanin Google ya buɗe taye da miliyon 900. A ƙarshen watan Yuni aka zauna gwanjo a birnin New York, aka kwana huɗu ana ƙari. Kampanoni shidda suka haɗa kai a ƙarƙashin sunan Rockstar, su ne Apple da Microsoft da Ericsson da Sony da EMC da kuma kampanin da ke ƙera wayar BlackBerry. Su suka yi nasara a kan miliyar 4 da rabi, ninki biyar na tayin farko. In aka juya kuɗin zuwa sefa bisa canjin wancan lokaci, sun haura miliyar 2.000, wato sun fi kasafin kuɗin ƙasar Nijar na wannan shekara. Google da ya rasa, bai yi wata biyu ba ya ba da sanarwar zai sayi kampanin Motorola Mobility a kan miliyar 12 da rabi, kuma takardun shaidar ƙirƙira na cikin manyan abubuwan da suka ja shi. Gaskiyar masu iya magana, kome lalacewar giwa ta fi kwando goma.

DA KUƊI SUKA SAMU, SAI RABO YA GAGARA

Bayan an gama sayar da kome, kuɗin da aka tara sun kai miliyar 7 da miliyon 300. Aka ajiye su a banki, aka ce kada kowa ya taɓa sai an daidaita rabo. Nan ne aka shiga wata sabuwar wahala.

Nortel uwa ce da ƴaƴa. Uwar tana Kanada, ƴaƴan suna Amurka da Ingila da Faransa da wasu ƙasashe, kuma kowannensu yana da nasa masu bin bashi da nasa ƴan fansho. Injiniyoyin dukan rassan suka yi aikin binciken tare. Amma takardun da sunan uwar aka rubuta su, su kuma ƴaƴan aka ba kowanne izinin aiki da su a yankinsa. Yarjejeniyar da ke tsakaninsu ta yi bayanin yadda za a raba riba in ana ciniki, ba ta faɗi yadda za a raba kuɗin takardun ba in gidan duka ya rushe.

Sai kowa ya kawo hujjarsa. Na Kanada suka ce suna nasu ne a kan takarda, saboda haka mafi yawan kuɗin nasu ne. Na Amurka suka ce a ƙasarsu aka fi samun ciniki, kasuwarsu ce ta ba takardun daraja. Na Turai suka ce a auna da abin da kowa ya kashe wajen bincike. Aka yi zaman sulhu ba sau ɗaya ba, bai yiwu ba.

A watan Mayu na 2014 aka buɗe shari'ar haɗin gwiwa: alƙali Frank Newbould a birnin Toronto na Kanada, da alƙali Kevin Gross a jihar Delaware ta Amurka, suna sauraren shaidu lokaci guda ta hanyar talabijin. Ranar 12 ga Mayu na 2015 suka yanke hukunci iri ɗaya, cewa a raba kuɗin gwargwadon bashin da ake bin kowane reshe. Wannan kuwa ya yi kusa da hukuncin muflisi da aka ambata a baya. Duk da haka wasu suka ɗaukaka ƙara. Sai a watan Oktoba na 2016 aka shirya, ɓangaren Kanada ya samu wajen kashi 57 bisa ɗari, na Amurka wajen kashi 24, saura ya tafi Turai. A 2017 aka fara biya.

Shekara takwas ke nan daga ranar da kampanin ya faɗi. A cikinsu ladan lauyoyi da masu lissafi ya kusa miliyar 2. Tsofaffin ma'aikata aka rage musu kuɗin fansho, wasu kuma suka riga mu gidan gaskiya ba su ga ƙarshen shari'ar ba. Da an ƙara ƴan layuka kaɗan cikin yarjejeniyar tun ana zaman lafiya, da an huta da mafi yawan wannan asara.

BA KULLUM AKE KWANA A GADO BA

Kada mai karatu ya ɗauka duk takardar shaidar ƙirƙira zinariya ce. Kampanin Kodak na Amurka, wanda masu ɗaukar hoto suka daɗe da sanin fim ɗinsa, ya kai kansa kotu a watan Janairu na 2012, wata bakwai kawai bayan gwanjon Nortel. Wani injiniyansa mai suna Steven Sasson shi ya ƙera kyamara maras fim ta farko a 1975, amma kampanin ya yi nauyin jiki wajen rungumar sabuwar dabarar, wasu suka wuce shi.

Kodak ya fito da takardu wajen 1.100, masu kimantawa suka ce za su iya kai miliyar 2 da miliyon 600. Da aka sayar a watan Disamba na 2012, abin da aka samu wajen miliyon 525 ne kawai. Dalilan a fili suke. Masu saye sun koyi darasi: Apple da Google da Samsung da wasu, maimakon su yi ta ƙara ma juna farashi, sai suka shiga ayari guda suka yi taye ɗaya. Bayan haka Kodak ya riga ya ba kampanoni da yawa hayar waɗannan takardu ya karɓi kuɗi, ƙarfinsu ya ragu. Kuma kowa ya san mai kaya a matse yake. Kuɗin dai sun taimaka masa ya fita daga hannun kotu a watan Satumba na 2013, amma ya fito ƙarami.

Suna shi ma yana da nasa hali. Kampanin Polaroid ya karye sau biyu, a 2001 da 2008, amma har yau ana sayar da kyamara mai ɗauke da sunansa, domin wasu sun sayi sunan suka ci gaba da aiki da shi.

INA MAKOMAR MAI HAYA?

Akwai mutum guda da aka fi mantawa da shi a wannan sha'ani, shi ne wanda ya yi hayar fasaha. Misali, ɗan kasuwa ya biya wani kampani kuɗi aka ba shi izinin yin kaya da dabararsa ko da tambarinsa. Ya gina masana'anta, ya ɗauki ma'aikata, sai kwatsam mai fasahar ya karye. Shin izinin yana nan, ko ya faɗi tare da mai shi?

An yi wannan shari'a a Amurka. A 1982 wani kampani mai suna Richmond Metal Finishers ya ba kampanin Lubrizol izinin aiki da wata dabarar shafe ƙarfe. Shekara guda bayan haka mai dabarar ya karye, ya nemi a warware yarjejeniyar domin ya sayar da dabarar da tsada ba tare da mai haya a kanta ba. A 1985 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda masa. Lubrizol ya rasa izininsa, aka ce ya bi layin masu bin bashi ya nemi diyya.

Hukuncin ya tayar da hankalin masu masana'antu, domin ba mai zuba jari a kan izinin da zai iya ɓacewa dare ɗaya. Saboda haka a 1988 majalisar dokokin Amurka ta gyara doka, ta ba mai haya zaɓi: ko ya haƙura ya nemi diyya, ko ya ci gaba da aiki da fasahar har ƙarshen wa'adi muddin yana biyan kuɗin haya. Gyaran bai ambaci tambarin haja ba, sai aka ci gaba da jayayya a kansa shekara 30. A watan Mayu na 2019 kotun ƙoli ta ƙasar ta raba gardama, ta ce warware yarjejeniya ba ya ƙwace ma mai haya izinin tambarin da aka riga aka ba shi.

DOKAR DA KE AIKI A NIJAR

Wannan magana ta shafi Nijar ta hanyar ƙungiyoyi biyu, kowace mai ƙasashe 17.

Ta farko ita ce OAPI, ƙungiyar Afirka mai kula da mallakar fasaha, mai cibiya a Yawunde. An kafa ta bisa yarjejeniyar Bangi ta ranar 2 ga Maris na 1977, wadda aka sake ma fasali a 1999 da 2015. Takarda ɗaya da ta bayar tana aiki a dukan ƙasashen ƙungiyar. A ƙarƙashinta shaidar ƙirƙira shekara 20 take yi, da sharaɗin biyan kuɗi kowace shekara. In an makara akwai jinkirin wata shidda tare da tara, in ya wuce takardar ta faɗi. Tambarin haja shekara 10 yake yi, ana kuma sabunta shi, amma in an bar shi shekara 5 a jere ba a aiki da shi ba tare da wani uzuri ba, wani yana iya neman kotu ta soke shi. Sayarwa da haya da jingina dole a rubuta su cikin littafin ƙungiyar, in ba haka ba ba su zama hujja a kan mutum na ukku. Game da mawallafi kuwa, ana iya sayar da haƙƙin buga littafinsa ko waƙarsa, amma haƙƙin a ambaci sunansa da na hana a gurɓata aikinsa ba su shiga gwanjo.

Ta biyu ita ce OHADA, wadda aka kafa a 1993 domin daidaita dokokin kasuwanci. Dokarta ta karayar arziki an tsai da ita a 1998, aka sabunta ta a 2015. Ta tanadi matakai, tun daga sulhu da masu bin bashi, zuwa ƙoƙarin farfaɗo da kampani a ƙarƙashin kotu, har zuwa sayar da kaya. Kotu kan naɗa amintaccen da ake kira sandik, da alƙali mai sa ido a kansa. Sandik shi ke ƙidayar kaya, shi ke da zaɓin ci gaba da yarjejeniyoyin da kampanin ya ƙulla ko barinsu. Dokar ta ba albashin ma'aikata fifiko a kan mafi yawan basussuka. Wata dokar ƙungiyar ta 2010 kuma ta yarda a jinginar da mallakar fasaha domin samun bashi.

ABIN DA YA KAMATA A KIYAYE

Ga mai kampani, ko da ƙaramin gidan yin sabulu ne a Maraɗi ko na jima a Damagaram, abu na farko shi ne ya rubuta tambarinsa, ya kuma san da sunan wa aka rubuta shi, nasa ko na kampani. In abokan tarayya ne, su faɗi a rubuce yadda za a yi da shi ranar rabuwa ko ranar karaya.

Ga mai hayar fasaha ko tambarin wani, ya tabbata an shigar da yarjejeniyarsa cikin littafin OAPI, kuma a bayyana cikinta abin da zai faru in mai fasahar ya faɗi. Ya kuma nemi a ajiye bayanan dabarar a hannun wani amintacce, domin izini ba ya amfani in wanda ya san aikin ya tafi.

Ga sandik da alƙali, ƙidayar kaya ba ta ƙare a bakin sito ba. Wajibi ne tun makon farko a bincika ko kampanin yana da takarda a OAPI, a duba ranar da wa'adinta ke cika, a biya abin da ake biya kada ta mutu. A duba ko an jinginar da ita ko an ba da hayarta. A riƙe ma'aikatan da suka san sirrin sana'a har a gama ciniki. Sannan a yi shela sosai kafin gwanjo, a nemi masu saye da yawa, tun da bambancin Nortel da Kodak ya nuna yawan masu taye ke ɗaga farashi.

Ma'aikatan kampanin da ya karye su suka fi kowa bukatar a yi wannan aiki da kyau. Injuna kan tsufa, gini kan riga ya shiga hannun banki, kuma sau da yawa sunan da suka yi shekaru suna ginawa da guminsu shi ne abin da ya rage da za a sayar a biya su haƙƙinsu.